Kekunan Tsere Biyar da Na Sauke a Rano

Biyar na ɗauko daga Kano, kekunan Beljiyam na tsere, masu siririyar taya da kai mai lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Cikin wata guda, ɗaya tal na sayar. Huɗu suna rataye a rumfata, kowa ya zo ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ce babu nauyi, ya ajiye ya wuce. Wanda ya sayi ɗayan ma'aikacin asibiti ne, gidansa a Kibiya, wurin aikinsa a Fammar, ana ganinsa a hanya safe da yamma. In ya yaba, sauran za su tafi. In ya kushe, sai dai in zauna ina kallonsu har tayoyin su tsattsage.

Ran kwana tara ya dawo da keken a bayan a-kori-kura. Kuma ranar kasuwa ya zaɓa, da hantsi, lokacin da layinmu ya cika. Tun daga nan raina bai kwanta ba. A sanina, mai neman gyara yakan zo ranar da ba kowa. Wannan shaidu ya zo nema.

"Alhaji, ga kayanka," in ji shi. "Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, wuyan hannu kamar na wuni ina daka. Ni da nake ba mutane magani, yanzu ni ake shafa wa man zafi."

Maƙwabcina mai kayan babur ya leƙo. "Ai na faɗa maka, Alhaji. Wannan keken na marasa tumbi ne."

Aka yi dariya, ban da ni. Na kifa keken na fara dubawa. Duk keken da zai bar hannuna nakan yi masa 'yar alama da magagari a inda ido ba ya kaiwa, a jiki da kuma ƙafafun biyu, saboda an taɓa dawo mini da keke an sauya masa kaya. Alamomina suna nan. Amma kan keken an juya shi, ƙahonnin suna kallon sama, birki ya koma wajen ƙirjin mahayi. Hancin sirdin kuma a ɗage.

"Malam, wa ya taɓa shi?"

Ya ce wani dattijo ne mai gyaran keke kusa da tashar Kibiya. Da ya kai masa kukan ciwon baya, dattijon ya ce a kife aka haɗa kan, ya juya masa bai karɓi ko sisi ba. Har ya ce in ciwon bai daina ba, ya kawo su yi musanya da baƙin keke mai kariya.

Sai zargina ya tashi daga kan Malam ya koma kan dattijon. Gyara kyauta, sannan tayin musanya. Ni ma na taɓa sayen kaya ta wannan hanyar.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa kowa ba. Sirdin yana can ƙasa sosai, kuma wannan aikina ne. Mu nan yadda muke gwada keke shi ne mutum ya zauna a sirdi, in tafin ƙafafunsa biyu sun shimfiɗu a ƙasa, to keke ya yi masa. Haka mahaifina ya gwada mini, haka na gwada wa duk wanda ya taɓa saye a wurina, haka na yi wa Malam.

Na zaga bayan rumfa na kira dilan da ya sayar mini a Kano.

"Ranar na yi maka bayani," in ji shi, "hankalinka na kan direban da zai ɗaukar maka kayan."

Gaskiya ne. Na ɗauka so yake ya haɗa ni da 'yan ƙarafan nan masu lanƙwasa da ake kwance noti da su, alanki, don haka na saya na jefa a aljihu ban saurare shi ba. Ko yanzu da yake magana, ina ayyanawa a raina cewa gudun kada in mayar masa da kaya ne ya sa bakinsa ya yi daɗi. Duk da haka na sa ya maimaita sau biyu.

Na dawo na ce wa Malam ya tattare rigarsa ya hau, ya dafa ginshiƙin rumfa. Na sa ya ɗora dunduniya a feda, fedar tana can ƙasa. Gwiwar a tanƙware take sosai. Na yi ta ɗaga sirdin yana sauka yana hawa, sai da ƙafar ta miƙe. Faɗin yatsu huɗu muka ƙara.

"Alhaji, ƙafata ba ta kai ƙasa!"

"Feda ka saya za ka taka. In za ka tsaya, ka zamo gaba ka sauka daga sirdin."

"In ya faɗi, asibitin ma nasa ne," in ji mai kayan babur.

Na ɗora guntun katako a kan sirdin, na kwantar da kwalbar ruwa a kai, na yi ta saukar da hancin har ruwan ya tsaya daidai. Na mayar da ƙahonnin ƙasa yadda suka zo. Akwai wasu zobba a saman wuyan keken, na kwance na mayar da su ƙasa, kan ya ɗan tashi. Sannan na sa ya dafa gwiwar hannunsa a hancin sirdi ya miƙa yatsu. Da saura kafin su kai kan keken, sai na turo sirdin gaba kaɗan. Na nuna masa inda zai riƙa ajiye hannu, a saman birki, hannun a ɗan sake, ya bar can ƙasan sai yana sauri.

Ya je ƙarshen layi ya dawo. Na zuba wa fuskarsa ido, ban karanci komai ba.

"Da ɗan dama," in ji shi.

A gaban mutane na ce ya hau mako guda, in ciwon yana nan zan karɓi kayana. Yana gaisawa da wani, na karce sandar sirdin daidai inda na ɗaure, don in gane in an taɓa.

Mako ya wuce, na biyu ya bi. Bai zo ba, bai kira ba. Na ce shi ke nan, an yi musanyar. Na shiga mota zuwa Kibiya da sunan neman gyaɗa, na zarce wurin dattijon na ce a ba ni aron benci. Muna gaisawa idona na yawo a cikin rumfarsa.

"Kai ne mai kekunan da ake haɗawa a kife?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Baba. Na ji an ce kana gyara su kyauta."

"Tausayin bayan mutum na ji."

Bayan la'asar sai ga Malam daga hanyar Fammar, a kan keken. Ya zamo gaba ya sauka kamar ya shekara yana yi. Muna gaisawa na sunkuya na duba. Karcen yana sama da inda na bar shi, faɗin yatsa guda.

"Ni na ƙara," in ji shi. "Gwiwar ta daina. Wuya ne yakan ɗan riƙe in na yi nisa."

"Me ya hana ka kira?"

"In na yaba, Alhaji, ƙanena zai zo saye ka tsawwala masa."

Dattijon ya tofar da goro ya ce har yanzu dai a kife yake. Da zan tashi kuma ya tambaye ni ko ragowar duk girmansu ɗaya.

Kafin damina ta ƙare uku suka tafi. Ƙanen Malam ya ɗauki ɗaya, bayan ya rantse bai taɓa jin labarin keken ba. Wani malamin makaranta daga Yalwa ya ɗauki ɗaya. Na ukun wani baƙo ne ya saya bai ko hau ba, daga baya aka ce mini an ga keken jingine a rumfar dattijon, ƙahonni a ƙasa. Kowane ciniki ya ci mini rabin wuni ina ɗaga sirdi ina saukarwa. Na ƙarshen ya fi sauran tsawo, na gwada wa mutum shida, babu wanda ƙafarsa ta cika shi. Huɗu sun fita, ɗaya na sa shi a asara.