Bajon Baba Riƙau

Kafin ya zo asibiti, Baba Riƙau bakanike ne, ya yi shekara da shekaru yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Da bayansa ya fara ciwo, sai surukinsa ya samo masa aikin tura marasa lafiya a keke. Daga gareji ya taho da hali guda: ba ya ganin inji ya wuce sai ya san abin da ke cikinsa. Matarsa ta sha cewa da zai samu dama, ita ma sai ya kwance ta ya ga inda surutu yake fitowa.

A ɗakin hoton ƙashi ya samo sunan Riƙau. Yaro in an kwantar da shi a kan teburin nan mai sanyi, ga ƙaton inji a kansa, ihu yake yi yana wutsil-wutsil, hoto ya fito a dagule, dole a sake. Wata rana mai ɗaukar hoton, wata mata marar son wasa da kowa ke kira Anti, ta gaji ta ce, "Baba, don Allah zo ka riƙe min yaron nan." Ya sa rigar dalma mai nauyi da ke tare hasken injin, ya dafa kafaɗa da hannu ɗaya, cinya da ɗaya, ya shiga yi wa yaron kukan motar da ta ƙi tashi. Yaro ya yi tsit yana kallon bakinsa. Tun daga ranar, da an ji kuka a ɗakin hoto shi ake nema, kuma duk asibitin babu aikin da yake so kamar wannan.

Tambaya kuwa, Anti ta sha ta har ta gode Allah. Daga ina hasken yake fitowa, tunda ba a ganinsa? In an gama, yana saura a ɗaki? Ta ce a'a, injin ne yake yin sa da lantarki daidai lokacin da ta danna, yana gamawa ya ɗauke. Tsoka yake ratsawa, ƙashi ya tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari. To sikanin ɗin masu ciki fa? Wannan da sauti yake aiki, ba ruwansa da haske. Amma babban injin nan mai kama da zobe da irin hasken yake aiki, kuma nasa ya fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ya fi tsaya wa Baba a rai shi ne da ta ce ƙasa da duwatsu da sararin sama ma suna fitar da irinsa kaɗan-kaɗan. Ranar ya daɗe a tsakar gida yana kallon daɓe, har matarsa ta tambaye shi ko allura ya yar.

Ana nan sai aka kawo bajo. Ɗan abu ne na roba, bai kai kwalin ashana ba, kowa da sunansa a jiki. Anti ta ce a maƙala a ƙirji ƙarƙashin rigar dalma, bayan wasu watanni a karɓa a kai awo, a ba da sabo. Wanda nasa ya nuna da yawa, za a fitar da shi daga ɗakin.

Ikon Allah, a nan ne kaɗai Baba bai yi tambaya ba, don a ganinsa ya riga ya gane. A gareji, duk abin da ake cirewa a kan lokaci a sa sabo, filta ce. Datti take tarewa, in ta cika a canza. Ashe bajo shanye haske yake yi kafin ya shiga jiki. To shi ga rigar dalma har gwiwa, yaro kuwa daga shi sai ɗan kamfai. Wa ya fi bukata? Ya san in bajon ya cika shi za a fitar, ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya yanke. Da an kwantar da yaro, sai ya zare bajon ya damƙa masa a hannu ya rufe da nasa. Anti daga bayan gilashi tana gani, ta ɗauka alawa ce.

Da sakamako ya dawo, mai awon da kanta ta zo, wata doguwar mata mai gilashi. Ta zaunar da shi a ɗan ofishin Anti.

"Baba, bajonka ya nuna fiye da na kowa a asibitin nan, har ya wuce ƙa'ida. Yaya kake sa shi?"

Fuskarsa ta washe. "Alhamdulillahi. Ashe ya sha da yawa."

"Ya sha me?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da misalin filta. Anti ta dafe kai. Mai awo ba ta yi dariya ba, ta buɗe wani tsohon bajo ta nuna masa 'yar ƙwayar da ke ciki.

"Wannan ba ya tare komai, Baba. Ajiye shaida yake yi. Duk hasken da ya same shi yana riƙewa, mu kuma mu ɗumama shi a inji ya faɗa mana adadi. Milisibat muke kiran ma'aunin."

"Ranki ya daɗe, wato yaran babu abin da ya tare musu?"

"Ko kaɗan. Amma kwantar da hankalinka, abin da hoto ɗaya yake ba yaro ɗan kaɗan ne, kuma riƙon da kake yi ya hana a yi ta sakewa. Kai ne damuwarmu. Yaro sau ɗaya yake zuwa, kai kullum kana gefen tebur. Yanzu kuma ba mu san nawa ka samu ba, tunda bajon ba a jikinka yake ba."

Kunya ta kama shi, amma son sani ya fi ta ƙarfi, sai da ya karɓi ƙwayar ya ɗaga ta a hasken taga ya duba.

Mai awo ta ce tun farko bai kamata a bar mutum ɗaya yana riƙon ba. Daga yau uwa ko uba ne za su riƙe ɗansu, su sa rigar. Baba kuwa ya riƙa tsayawa a waje.

Ba a jima ba aka kawo wata yarinya da ta faɗo daga kan tsani, ubanta na ɗauke da ita. Baba ya ɗaura masa rigar, ya kama hannayensa ya ɗora inda ya dace.

"Nan da nan. Kar ka danne ta, ɗana, dafawa kawai. Ka yi ta yi mata magana."

Ya fito ya ja ƙofa. Jar fitila ta kama a samanta, ta mutu. Can Anti ta leƙo.

"Baba, ya fito tas. Ba sai an sake ba."

"Madalla," in ji shi.

Ya ji daɗi, wallahi ya ji daɗi. Amma abin ya soke shi a ƙirji, don ya so a ce ko sau ɗaya an neme shi. Ya kama kekensa ya tura zuwa ɗakin masu karaya, inda wani tsoho yake jiransa.