Hatimin Malam Zakiyyu

Shekara ashirin da shida Malam Zakiyyu na Barkin Sale yana riƙe da hatimi a babban kamfanin shinkafa. Takarda ba ta wucewa sai ya buga mata. Bara aka sauya tsari: kullum da safe ma'aikatan kowane sashe su tsaya gaban allo, kowa ya faɗi abin da ke tsayar masa da aiki.

Mako uku mutanensa suna cewa, "Babu komai, Baba," idonsu a ƙasa, alhali takardunsu na jibge a teburinsa.

Ranar Litinin da layi ya zo kansa, ya ciro hatimin, ya miƙa wa Kubura, jagorar aikin.

Ya ce, "Kunyata kuke ji. Ni nake tsayar da ku."