Mai Binne Littafi

Ummuhani tana zaune a layin littattafan fiƙihu na maktabar jami'a, ba don tsoron Allah ba, sai don nan kaɗai fanka ke juyawa. Daga nan ta hango wani saurayi.

Dogo ne siriri, jallabiyarsa ta sha guga amma ta kasa kaiwa idon sawu. Hannuwansa duk kanta, irin na wanda ya ƙare hutunsa yana yankan riɗi a gonakin Fashaga. Yana tafe yana waige-waige, rungume da littafin ilimin ƙasar noma, guda ɗaya tilo da ajinsu Ummuhani ke nema tun da aka sa ranar imtihan, wato jarrabawa. Mai kula da maktaba ya yi ta rantse mata cewa littafin bai fita ba. Ashe gaskiyarsa.

Saurayin ya durƙusa, ya zaro manyan littattafan rabon gado da ƙura ta naɗa wa rawani, ya cusa na noman a bayansu, ya mayar da su, har yana daidaita su da tafin hannu. Lalle a gidansu ana binne dawa a matmura, ramin da ko maƙwabci ba a nuna wa.

Ya miƙe, suka haɗa ido.

"Ya ukti, 'yar'uwa, fiƙihu kike karantawa? Ma sha Allah!"

"Yau dai zan fara," in ji ta, tana jira ya kai ƙofa, tana kuma lissafin inda ita za ta binne littafin.