Malam Halidu da Cikin Na'ura

Shekara talatin Malam Halidu ya yi yana gyaran rediyo a wata rumfa kusa da tashar Madawa. Da wayar salula ta cika gari, rediyo ya ja baya, shi ma aiki ya yi masa ƙaranci. Sai dai halinsa bai sake ba: duk abin da ke da ƙusa a jiki, sai ya kwance ya ga cikinsa.

Wata ranar kasuwa Rilwanu, ɗan ƙanwarsa da ya dawo daga Abijan, ya zo da na'urar wasan bidiyo cikin kwali mai ƙyalli. Tare da shi akwai Habibullahi, mutumin Buza, wanda ke son buɗe ɗakin wasa amma ya ƙi saye. Shi dai ya ce na'urar tsohuwa ce aka rage wa ƙiba.

"Kawu, raba mu," in ji Rilwanu. "Wagga bana ta hito. Dubi siririya ce."

"Mi a sabo cikinta?" Malam Halidu ya tambaya.

Babu wanda ya sani. Ya aika aka aro masa tsohuwar, mai kauri, daga wani ɗakin wasa na unguwa, ya kwance su biyun a kan tabarma. Ya kai la'asar yana dubawa da tabarau. Siririyar ba ta zafi sosai, kuran, wato wutar lantarki, kaɗan take ci, amma wasan ƙwallon da ke tashi a waccan shi ke tashi a wannan, babu abin da ya ƙaru.

"Riga ce sabuwa," ya ce. "Mai rigar kuwa mun san shi."

Rilwanu ya ɓata rai, ya fara mai da ita kwali. Habibullahi ya riƙe hannunsa. Unguwarsu wuta ba ta zama, da hasken rana yake aiki, don haka wadda ba ta cin kuran ita ce tasa. Ya saya.

Abin ya tsaya wa Malam Halidu a rai. Ya shiga bin masu ɗakunan wasa yana tambayarsu dalilin da ya sa suka zaɓi wadda suka zaɓa. Wani ya ce sabuwar ta gaske sai da intanet, shi kuwa ba shi da ita. Wani daga Keita ya ce matasa launin akwatin suke kallo kafin su zauna. Wani a Urno ya ce duk wadda ba a taɓa gani a garinsu ba sabuwa ce.

Yanzu daga Buza har Keita, kafin a sayi na'ura sai an kawo masa ya buɗe. Matarsa Biba ta ce ya fi shekarun rediyo fara'a. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa riƙe abin wasan, aka zura masa ƙwallo tara, ya miƙa wa mai shi ya koma kan aikinsa.