Nasiru da Waɗanda Ba Su Ji Ba

"Inna, ni ban ji ba."

Amsar ɗana Nasiru ke nan, gardi mai gemu, da na tambaye shi mi ya hana shi zuwa gayyar dashen albasar kawunsa a Magarya. Alhali wayarsa ya kashe har kwana biyu don kada a kira shi, ga iri na bushewa.

Wai abokin aikinsa Bitrus, Kirista, ya ce a addininsu wanda wa'azi bai kai gare shi ba yana da uzuri wurin Allah. Yaron da ko Ahalari bai ƙare ba, yau shi ke jawo mini fatawar coci!

Na sa aka kira mini Bitrus.

Ya ce, "Mama, mu kanmu ba mu daidaita ba. Wasu sun ce sai wanda ya ji ya gaskata zai tsira, wasu sun ce Allah zai duba zuciyarsa. Amma wanda ya kashe waya da hannunsa, ban san cocin da zai karɓe shi ba."

A masallacinmu kuwa dama ba mai karɓar wannan uzurin. Yanzu haka Nasiru na fadama, laka har gwiwa.

Iyaye, malalacin da masallaci da coci suka haɗu suka ƙi, ina za shi?