Bangon da Bai Taɓa Tsagewa Ba

Duk unguwar Baba Magini ake ce masa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana cin abinci da cokalin siminti kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Mutum ne mai taurin kai da raina aikin wani: in ya wuce sabon gini sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya taɓe baki ya yi gaba. Abin tinƙahonsa ɗaya ne, gidan da ya gina wa kansa. Bulo biyu-biyu ya jera, ya shimfiɗa ragar ƙarfe ciki da waje kafin ya yi yaɓe. Har yau ko tsaga ɗaya babu, kuma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya shafa.

Ɗakin ƙurya ya fi ko'ina kauri, saboda matarsa. Tun tana amarya ba ta da nauyin barci, ko babur ya wuce sai ta farka tana mita. Ya ce zai gina mata ɗakin da ko tsawa sai ta yi sallama kafin ta shiga. Ya kuwa cika alkawari, har ƙofar ya haɗa ta tsam.

A ɗakin take kwance yanzu, wata takwas ke nan. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, likita ya hana yawan ɗaga ta. Shi ke juya ta, shi ke ba ta magani, shi ke canza zanin gado. Da za a tambaye shi ko yana baƙin ciki, da bai san amsar da zai bayar ba. Ba ya jin komai. Yana yin aikin ne kamar yadda yake jera bulo a dā, wannan bayan wancan.

'Yarsu Auta, wadda aiki ya kai wata ƙasa mai nisa, ta sa aka haɗa intanet a falo don ta riƙa ganin mahaifiyarta a kiran bidiyo. A falo sabis cike yake. Da ka nufi ɗakin ƙurya, fuskar Auta sai ta daskare, baki a buɗe, daga nan ta ɓace. Don haka duk Lahadi in Baba Magini ya gama magana da ita a falo, sai ya ɗauki saƙon da baki ya kai ciki.

"Ta ce tana gaishe ki."

Matar tana kallon silin.

Ƙarshe Auta ta turo wani injiniya, dattijo mai furfura a gemu. Ya maƙala na'urar ƙara sabis a lungu, ya matsar da ita nan, ya matsar can, a banza. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya dubi maigidan.

"Baba, me kuka zuba a cikin nan?"

"Ragar ƙarfe. Layi biyu."

"To ita ce ke tare shi. Gidan kuɗi kuka gina ko gidan kwana? Sai dai a huda daga falo a zura waya, a sa wata na'urar a ɗakin. Ƙofar ma ko takarda ba ta bi ta ƙarƙashinta."

Ko ƙusar rataye hoto Baba Magini bai taɓa yarda a buga a bangon nan ba. Ya tsaya yana kallonsa, yana jiran ransa ya ɓaci. Shiru, ko ɓacin ran bai zo ba.

"Ajiye injin hudarka," in ji Baba Magini. "Na san inda na haɗa ragar. Ni zan huda."

Ya lalubo gudumarsa da cizal, ƙarfen sassaƙa bango, a ƙasan akwati, sun yi tsatsa. Ya lulluɓa wa matar mayafi saboda ƙura, ya durƙusa a gefen gadonta bisa gwiwoyin da suka gaji. Tun hantsi yake bugu har rana ta karkata. Aikinsa ne, kuma aikin ya ƙi ba shi hanya da sauƙi.

Can bakin cizal ɗin ya ɓulla ta ɗaya gefen, Baba Magini ya zare shi. Daidai lokacin Auta ta kira injiniya a falo tana tambayar inda aka kwana, muryarta ta biyo ramin, siririya, tare da ƙarar wata mota a titi.

"An kusa? Mama tana ji na?"

Matar ta juyo da kai. Wata takwas bai ga ta juya shi da kanta ba. Idonta na kan ramin nan da bai fi bakin kwalba ba, hannunta na hagu yana lalube a kan zanin gado.

Sai a lokacin ya lura da irin shirun da ke ɗakin. Shi yana fita falo, yana jin rediyo, yana jin masu wucewa. Ita kuwa wata takwas ba abin da take ji sai takunsa da muryarsa, a cikin shirun da ya gina mata da hannunsa. Abin ya soke shi a ƙirji, ya yi masa ciwo sosai.

Ya mayar da cizal bakin ramin ya ɗaga guduma. Wata tsaga ta tashi daga gefen, ta nufi sama. Ya gan ta sarai.

"Baba, ya isa haka," in ji injiniya ta cikin ramin. "Wayar za ta wuce."

"Na sani," ya ce, ya ci gaba da bugu.