Kunnen Katung na Dama

Wanda ya ga Katung a unguwar Catford ta London yanzu, yana tafe da jakar cefane yana gaida mutane da ƙarfi kamar mai kira daga gona, ba zai taɓa cewa wannan dattijo ya zagaye Turai da mawaƙan rock ba. Ɗaga muryar ma ba halinsa ba ne. Kunnensa na hagu ya mutu tuni, na dama kuma tun kafin bara likita ya ce saura ƙiris, ƙara mai ƙarfi guda ɗaya tana iya tafiya da shi.

Karatun akanta ne ya kawo shi London daga Kafanchan. Neman na haya ya sa ya fara tuƙa wa wasu samari huɗu 'yan unguwa wata tsohuwar bas, su da gangunansu da gashinsu da bai san mataji ba. Karatu ya bi ruwa. Samarin suka yi suna, Katung ya zama manajan tafiyarsu: masauki, jirgi, kaya, rigimar kan iyaka, da tada Ephraim mawaƙinsu daga barci, wanda ya fi duk sauran wuya. Katung ɗan ma'aikacin reluwe ne, bai san wasa da lokaci ba. Ya taɓa barin mai gangarsu a gidan mai a Jamus don ya tsaya zance da wata budurwa, daga ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Wurinsa a kowane wasa ɗaya ne: bayan manyan lasifikun gefen dandamali, ya ba mawaƙa baya, idonsa na kan ƙofa da masu gadi. Kowa na toshe kunne ban da shi. Ya ce da kunne yake aiki, in waya ta kwance ko taro ya fara harzuƙa shi zai fara ji. Haka ya shafe shekaru yana sauraren matsala, bai taɓa zama ya ji waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Matarsa Margaret, kafin ta rasu, takan tsokane shi da cewa shi ne mai dafa tuwon biki da bai taɓa ganin amarya ba.

Yana kewar wannan zamani ƙwarai, har warin bas ɗin da shayin hanya mai sanyi. Bara da bazara Ephraim ya aiko masa cewa za su yi wasan bankwana da rana a wani filin shaƙatawa, sun ajiye masa kujera a sahun gaba.

'Yarsa Sharon ta tubure. "Daddy, doctor ya ce no. Za ka rasa kunnen gaba ɗaya."

"To ki toshe mini shi da hannunki," in ji Katung. "Ganinsu kawai zan yi."

A kan haka suka shirya. Ta cusa masa abin toshe kunne, suka zauna. Samarin suka fito, duk sun yi furfura, mai gangar nan ma ya ajiye tumbi. Katung yana ganin baki na motsi, yana jin bugun ganga a ƙirjinsa, amma waƙa babu. Ya daure, ya daure. Da ya ga Ephraim ya ɗaga hannu alamar ta ƙarshe ce, sai ya sa yatsa ya zare abin ya jefa aljihu. Sharon ta kama hannunsa, ya girgiza mata kai, ta sake shi.

Ya saurara har aka gama, hawaye na bin fuskarsa bai share ba.

"Ashe yaran nan sun iya!" ya faɗa da ƙarfi har na kusa suka yi dariya. "Wallahi ban sani ba."

A bas ɗin komawa gida Sharon ta tambaye shi ko zai ci wani abu. Bai amsa ba. Ta sake tambaya, yana ta kallon titi yana kaɗa kai a hankali. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ya juyo.

"Yi magana ina kallon bakinki, 'yata," ya ce. "Gara mu fara koyo tun yau."